Rawar Ƙahon Ɓauna a Sandema

Idan mako na uku na watan Disamba ya kama, hunturu ya kankama a arewacin Gana, hatsi ya shiga rumbu, motocin da ke tashi daga Tamale su yi arewa sukan cika da mutanen Bulsa masu komawa gida. Wani ma'aikaci ne a Akra, wani ɗan ƙwadago ne a gonakin koko na kudu, wata 'yar kasuwa ce a Kumasi, wani kuma a nan Tamale yake karatu. Za su wuce Savelugu da Walewale, su ƙetare kogin Farin Volta a Pwalugu, su isa Bolgatanga bayan tafiyar kilomita kusan 160, daga nan su yi yamma zuwa Navrongo, sannan su karya zuwa Sandema. Bikin Feok ne ya kira su. A wannan biki ne manoma da 'yan makaranta da malamansu suke sa kayan yaƙin kakanninsu, su fito fili su nuna yadda aka tare Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, wanda ya yi shekaru yana kama mutanen wannan yanki yana sayarwa.

Sai mutum ya matsa kusa da ɗan rawa ɗaya ya dube shi daga sama har ƙasa kafin ya san abin da ya zo kallo. Kwalkwalin kansa ƙwarya ce, an kafa mata manyan ƙahoni biyu, na ɓauna ko na gwanki, wata ma an yi mata ado da wuri. Taguwarsa ta saƙi ce, irin wadda ake kira batakari, ta yi duhu don tsufa da hayaƙin ɗaki, kuma da ƙyar ake ganin zarenta saboda layu. An ɗinke su da fata, an jera su a ƙirji da baya da kafaɗu, har taguwar ta yi nauyi. Kwari na rataye a bayansa, fatun namun daji na lilo a kwiɓinsa, baka a hannu ɗaya, ɗan gatari a ɗayan ko kuma a saɓe. Akwai gidajen da waɗannan kaya gado ne a wurinsu, uba ya bar wa ɗa, ba a fito da su sai da dalili.

Rawar kanta, wadda Bulsa ke kira Leelik, ba ta da gaggawa. Mazaje sukan shigo a jere, kowane gari da tawagarsa da makaɗansa, sun sunkuya, gwiwa a lanƙwashe, suna ɗaga ƙafa ɗaya su ajiye a hankali, kamar mai tsoron kada busasshen ganye ya tona shi. Su yi taku kaɗan, su tsaya cik. Ƙahonin su karkata dama, su karkata hagu. Can sai ganga ta sauya, sahun ya zabura gaba, a ɗaga baka a auna, a sake durƙusawa. Fuskokinsu a murtuke suke. Yaron da jiya yake dariya a bakin kasuwa, yau ko ƙanwarsa ta kira shi ba zai waiwaya ba. Mata na biye a gefe suna rangaɗa guɗa, wata na yi wa nata fifita, wata na share masa gumi, ƙura kuwa ta tashi ta haɗu da hazo har sai ƙahoni kaɗai ake hangowa a samanta.

Babu soja a cikinsu, babu ɗan wasan da aka ɗauko haya. Mutanen gari ne, kowa ya fito don sunan gidansu da na garinsu. A wasu ƙasashe ma ana irin wannan. A Amurka masu sha'awar tarihi sukan sa kayan sojan da, su maimaita yaƙin Gettysburg na 1863, a Afirka ta Kudu kuma ana tuna Isandlwana, inda Zulu suka karya rundunar Ingila ran 22 ga Janairu 1879. Amma Bahaushe ba ya bukatar zuwa nesa haka kafin ya gane abin da ke faruwa a Sandema. Mun san hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya, mun san 'yan lifida da 'yan sulke, mun san yadda ƙasa ke girgiza idan mahaya suka sako dawaki za su yi jafi. Wannan duka tunawa da yaƙi ne daga kan sirdi. Abin da ake yi a Sandema tunawa ne da yaƙi daga ƙasa, daga wajen mutumin da dokin ya nufo, wanda ke tsaye a bakin gonarsa, matarsa da 'ya'yansa na bayansa. Na daɗe ina ganin ya kamata duk wanda ya taso yana kallon na farko ya san na biyu, musamman da yake labarin ya ratsa ta zangunanmu da kasuwanninmu, har da harshenmu.

Tun tsakiyar ƙarni na 18 masarautar Dagwamba, wadda fadarta ke Yendi, take biyan Asante gandu duk shekara, kuma bayi na cikin abin da ake biya. Sarkin da ake bin sa bashin mutane dole ya nemo su a wani wuri, don haka idon Dagwamba ya koma arewa maso yamma, ƙasar da baƙi suka yi wa kuɗin goro suka kira Gurunshi, alhali ƙabilu ne da yawa: Sisala, Kasena, Nuna, Bulsa da sauransu. A kudu kuma ga Salaga, babbar kasuwar Gwanja, inda fataken Hausa ke sauke ayari bayan tafiyar watanni daga Kano da Sakkwato da Katsina. Sukan kawo tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, su koma da goro. A wannan kasuwa ana sayar da mutane, kuma ba a ɓoye ake yi ba.

Cikin shekarun 1860 wasu Zabarmawa ƙalilan suka iso Dagwamba daga ƙasarsu ta bakin kogin Kwara, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Sun zo da dawaki na sayarwa, suka zauna a Karaga. Shugabansu malami ne, Alfa Hano. Da yake mahaya ne na gaske, sarakunan Dagwamba suka riƙa tafiya da su hari ƙasar Gurunshi. Ba a daɗe ba baƙin suka ga ba su da bukatar mai masauki. Suka ɓata da Dagwamba, suka kafa sansaninsu a Kasana, cikin ƙasar Sisala, suka shiga yaƙi don kansu. Alfa Hano ya rasu wajen 1870, Gazari ya gaje shi, shi ma ya rasu a farkon shekarun 1880. Sai jagoranci ya faɗa hannun Babatu, mutumin N'Dounga, kusa da Yamai.

Yadda suka yi ƙarfi abin a tsaya a duba ne, domin Zabarmawan asali ba su taɓa yin yawa ba. Ƙasar da suka shiga ba ta da babban sarki guda mai runduna. Kowane gari da kansa yake, gidaje a warwatse cikin gonaki, kuma tsakanin gari da gari ba a rasa tsohuwar gaba a kan mace ko gona ko shanu. Sai wani gari ya gayyato mahayan su taya shi faɗa da maƙwabcinsa. Su zo su ci maƙwabcin, su kwashe mutane, sannan su waiwayo kan wanda ya gayyato su su aza masa gandu. Garin da ya biya da shanu da wuri da bayi a bar shi zuwa wani lokaci, wanda ya ƙi a ƙone shi. Mata da yara a kora su kasuwa, a musanya su da dawaki daga ƙasar Mosi, da bindigogi da albarushi daga kudu. Samari majiya ƙarfi kuwa a ba su makami su zama sojan wanda ya kama su. Da haka rundunar ta kumbura, har ya zama yawancinta 'ya'yan ƙasar ne da aka kamo, tare da 'yan neman arziki daga ko'ina, Hausawa da Fulani da Mosawa da wasunsu. Wannan gaskiya ce da ba za a tsallake ba, don kada wani ya ɗauki laifin duka ya jibga wa ƙabila ɗaya.

A zamanin Babatu abin ya kai matuƙa. Hare-harensa sun game daga kudancin Burkina Faso ta yau har zuwa arewacin Gana. Mutanen Gwollu suka gina ganuwa suka kewaye garinsu, har yau ragowarta na tsaye. Na Sankana suka riƙa fakewa cikin kogunan duwatsu. Bafaranshen nan Binger, wanda ya ratsa ƙasar a 1888 a kan hanyarsa ta zuwa Salaga, ya rubuta irin kufai da gonakin da aka gudu aka bari da ya gani. Akwai masu kiran yaƙe-yaƙen Babatu jihadi. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana Wa. Wa tsohon gari ne na Musulmi, mai limamai da masallatai da makarantu, amma wajen 1887 Babatu ya auka masa, ya karya mutanensa, ya shiga garin. Wanda ya fito don ɗaukaka addini ba ya yi wa garin malamai haka. Abin da ke tafiyar da rundunar shi ne bukatar kanta: doki na mutuwa da wuri a wannan ƙasa, albarushi na ƙarewa, kuma kuɗin sayen su mutane ne.

Ƙasar Bulsa tana gabashin inda Zabarmawa suka yi sansani. Fili ne mai kaɗanya da ɗorawa da kuka, da duwatsu jefi-jefi, gidajen ƙasa masu soro, kowane gida da garkensa a tsakiya. Bulsa suna ba da tarihin cewa kakansu Atuga ya fito ne daga ƙasar Mamprusi, kuma 'ya'yansa huɗu su suka kafa Kadema da Sandema da Wiaga da Siniensi. Kudancin ƙasar, wajen Kanjaga da Fumbisi, ya sha hari ba sau ɗaya ba, an kwashe mutane da yawa. Labarin abin da ake yi wa garuruwan kudu ya riga mahayan isa arewa, don masu gudun hijira sun kawo shi da bakinsu.

Ga yadda Bulsa suke ba da labarin ranar. A ƙarshen ƙarni na 19 Babatu ya nufo Sandema. Maimakon kowane gida ya kwashi iyalinsa ya shiga daji kamar yadda aka saba, sai aka aika garuruwan dangi, mazaje suka taru wuri ɗaya, har da waɗanda hari ya koro daga wasu wurare. Aka yi yanka a wuraren tsafin ƙasa, aka jiƙa kibau da dafi, aka jira. Da mahayan suka iso ba su tarar da garin da ya watse ba, sai suka tarar da maharba a ƙasar da maharban suka sani kamar tafin hannunsu. Aka gwabza, rundunar Babatu ta karye, ta juya da baya. A unguwar Fiisa akwai wurin tsafin Azagsuk, wanda Bulsa ke cewa ya tsaya musu a ranar, kuma suna cewa a can aka ajiye makaman da aka ƙwace. Akwai kuma wurin da ake kira Akumcham, inda wata kaɗanya take, suna cewa a gindinta matar Babatu ta yi kuka da ta ga an karya rundunar mijinta.

Mai tambaya zai ce, ta yaya mai baka zai kori mai doki da bindiga? Amsar tana cikin makaman kansu. Bindigar wancan zamani harba-ruga ce. Idan ka harba sau ɗaya, sai ka tsaya ka zuba albarushi ta baki, ka cusa tsumma, ka danna da sanda, ka sa harsashi, ka gyara ƙanƙara, sannan ka sake aunawa. Kafin ka gama wannan, maharbin da ya kwanta a ƙasa harbinka ya wuce ta kansa ya tashi ya saki kibau da dama. Kibiyar kuma ba sai ta shiga da nisa ba. Dafin kwankwani da ake shafa mata yana tsayar da zuciya, ko ta mutum ko ta doki, don haka ƙwarzane ma ya isa. Doki kuwa ƙarfinsa a fili ne, a kan mutanen da suka firgita suka watse, ana bin su ɗai-ɗai. Idan mutane suka ƙi watsewa, suka fake da duwatsu da itatuwa, suka bar shi ya matso, to babban abin hari ne mai sauƙin samu. Duk dabarar Zabarmawa ta dogara ne a kan tsoro da rarrabuwar kai. Ranar da aka rasa waɗannan biyun, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wanda ya san wannan, idan ya koma ya kalli Leelik, zai ga ashe ba ado ake yi ba. Sunkuyon nan na mai ɓoye kansa ne. Tsayawar nan cik ta mai jiran a harba ne. Zaburar da ke biyo baya ita ce ɗan lokacin da ɗan bindiga ke ɗura. Ƙahonin ma suna da aikinsu: ɓauna dabba ce da maharba ke shakka, ba ta gudu idan ta ji rauni, juyowa take yi. Darasin yaƙi ne aka adana a jiki, tunda ba a adana shi a takarda ba. Layun da ke jikin taguwar kuwa Bahaushe zai gane su da gani ɗaya. A duk faɗin wannan yanki, daga Asante har Dagwamba, mayaƙa sun daɗe suna neman irinsu a wurin malamai, ko da su ba Musulmi ba ne. Mai yiwuwa ne ƙwarai a ranar Sandema ɓangarorin biyu duka da layu a ƙirji suka fuskanci juna.

Takardun Turawa sun rubuta wani yaƙin dabam a ƙasar Bulsa, kuma jagoransa shi ma ɗan Bulsa ne. Ana kiransa Amariya, ko Hamariya. Daga Kanjaga aka kama shi yana yaro, ya tashi a hannun Zabarmawa, ya musulunta, ya yi jarumtaka har ya zama ɗaya daga cikin manyan hafsoshin Babatu. Wajen 1894 ya yi tawaye, sojojin Gurunshi da yawa suka bi shi. Rundunar da aka gina da 'ya'yan mutane ta tsage biyu, kuma daga nan Babatu bai sake komawa yadda yake ba. A daidai lokacin ne Faransa da Ingila da Jamus ke tseren sa hannu a takardun yarjejeniya da duk wanda suka samu a wannan yanki. A watan Satumba 1896 hafsan Faransa Voulet ya ƙulla yarjejeniya da Amariya a Sati. Ran 14 ga Maris 1897, Amariya da sojojin Faransa ƙarƙashin Chanoine suka karya Babatu a Kanjaga, aka sake karya shi a Doucie a watan Yuni na shekarar.

Kada mai karatu ya ɗauka masu ceto ne suka zo. Waɗannan sunaye biyu, Voulet da Chanoine, mutanen Nijar sun san su. Shekara biyu bayan Kanjaga, a 1899, su ne suka ratsa ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa, suka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su kashe su a yankin Tasawa a watan Yuli. Hannun da ya taimaka aka kori mai kama bayi a Kanjaga shi ne ya zubar da jinin Hausawa a Ƙonni. Shi ya sa ban ga laifin Bulsa ba da suka zaɓi Sandema ta zama abin tunawarsu. Yaƙin da suka yi da bakansu, ba da bindigar baƙo ba, shi ne nasu.

Babatu ya yi kudu da ragowar mutanensa, Ingilishi suka bi shi, ya koma inda tafiyar Zabarmawa ta faro, wato Dagwamba. Ita ma a lokacin tana cikin nata tashin hankali. A watan Disamba 1896 Jamusawa sun karya rundunarta a Adibo, suka ƙone Yendi. A watan Nuwamba 1899 Ingila da Jamus suka ja layi suka raba masarautar biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammacin ƙasar har da Tamale ya faɗa hannun Ingila. A Yendi Babatu ya zauna, ya ajiye makami, ya rasu a 1907. A wannan shekarar ce Ingilishi suka mayar da hedikwatar arewacin Gwalkwas, wato Gana ta yau, Tamale daga Gambaga, abin da ya sa ta fara zama birnin da take yau. Kabarin Babatu na nan a Yendi, tafiyar kilomita kusan 100 gabas da Tamale, cikin gidan zuriyarsa, kuma ana nuna wa baƙi sarƙoƙi da wasu kayan da ya bari.

Feok dai ya girmi Babatu. Asalinsa godiyar kaka ce. Idan an gama girbi, kowane mai gida yakan yi yanka, ya zuba wa kakanni ruwan gari, ya gode da abin da gona ta bayar. Wanda ya ɗauki wannan al'ada ta cikin gida ya haɗa ta da tunawa da yaƙin, ya mai da ita taron Bulsa duka, shi ne Sarkin Sandema, Sandem Nab Azantilow, wanda ya hau sarauta a farkon shekarun 1930 ya zauna a kai har rasuwarsa a 2006, fiye da shekara 70. A shekarun 1970 ne bikin ya ɗauki siffar da aka san shi da ita yanzu: sarakunan garuruwa su hallara a Sandema, a yi jawabai, a karɓi manyan baƙi daga gwamnati a faɗa musu bukatun ƙasa, hanya da makaranta da asibiti da ruwa, sannan 'yan rawa su shigo.

Wani zai ce ashe bikin sabo ne. Sabo ne, kuma ban ga abin da wannan ya rage masa ba. Dattawan da suka ga farkonsa sun tashi a hannun mutanen da suka ga hari da idonsu, waɗanda aka kama 'yan'uwansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Har yau akwai waƙoƙin Bulsa da na Kasena da ke ambaton wancan zamani. Azantilow ya ga tsarar da ta san abin tana ƙarewa, matasa na tafiya kudu neman aiki, sai ya sa musu rana ɗaya a shekara da za ta dawo da su. Kuma ya zaɓi abin da zai haɗa su. A ƙasar da aka fi saninta da cewa daga nan ake kamo bayi, inda a kudu kalmar ɗan arewa ta daɗe tana ɗauke da raini, ya tsayar da ranar da ke cewa mutanen nan sun yi faɗa kuma sun yi nasara. Yau a cikin Bulsa akwai Kirista da yawa, akwai Musulmi, akwai masu bin addinin kakanni. Ba kowa ne ke zuwa wurin yanka ba, amma filin rawa kowa na zuwa.

Saura ɓangaren da ya fi shafarmu. Akwai tarihin waɗannan Zabarmawa da wani ɗan ƙasa ya rubuta, kuma da Hausa aka rubuta shi, da ajami. Marubucin ana kiransa Malam Abu, mutum ne da ya san rundunar ta ciki, kuma ya yi rubutun wajen 1914. Ya kawo labarin Alfa Hano da Gazari da Babatu, gari bayan gari, wanda aka ci da wanda ya biya da wanda ya ƙi. Rubutun hannun yana ajiye a ɗakin karatu na makarantar SOAS a Landan. Masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanisław Piłaszewicz, ya yi aiki a kansa ya buga shi da fassarar Turanci a Warsaw a 1992.

Ke nan Bulsa sun riƙe nasu ɓangaren a rawa da waƙa da wuraren da suke nunawa da yatsa, ɓangaren mahayan kuwa da harshenmu aka adana shi, amma Hausawa ƙalilan ne suka taɓa karanta shi. Wannan ya dame ni. A zangon Tamale da na Yendi da Salaga da Kumasi akwai jikokin fataken da suka yi ciniki a wancan zamani, akwai jikokin mahayan, akwai kuma jikokin waɗanda aka kamo, waɗanda suka tashi a gidajen iyayen gijinsu suka zama Hausawa, yau ba mai iya bambance su. Dukansu Hausa suke ji, kuma littafin Malam Abu labarin kakanninsu ne. Aikin da ya rage ba mai yawa ba ne: a ɗauko rubutun, a mai da shi boko da Hausar da kowa zai karanta, a sa taswirar garuruwan da ya ambata, a haɗa da abin da dattawan Sandema da Kanjaga da Gwollu suke faɗa a kan waɗannan hare-hare, a buga shi da arha. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale tana kusa da garuruwan, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da masana ajami, kuma su biyun sun isa su yi shi.